Taswirar Ruwan Sama da contourf: Me Ya Sa Shekarar Fari Ta Yi Kama da Shekarar Damina Mai Albarka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan sauyin ruwan sama a Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar. Na sauke bayanan ruwan sama na CHIRPS (waɗanda ake haɗawa daga tauraron ɗan adam da tashoshin auna ruwa) na wata-wata, ina son zana taswira mai launi da `contourf` na Matplotlib, laburaren zane na Python. Da farko ya ƙi, yana cewa `Length of x (280) must match number of columns in z (260)`. Na yi ta juye-juye har ya fito. Da na sa matakan launi da kaina daga 0 zuwa 2000, sai ga fararen gurabe a kudu. Da na cire su na bar shi ya zaɓa, sai taswirar 1984 da ta 1994 suka fito kusan iri ɗaya, alhali kowa ya san 1984 shekarar fari ce. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Matsalarka ta farko ƙarama ce, minti biyu ya ishe ta. Ta biyu da ta uku kuwa uwarsu ɗaya, kuma a kansu zan daɗe, domin su ne ke ɓata kundin ɗalibai ba tare da kwamfuta ta yi ƙorafin komai ba.

Mu fara da saƙon kuskuren. Ka ce ka yi juye-juye har ya fito, wannan maganar ce ta ɗan tayar mini da hankali, don ana iya rufe bakin saƙon alhali taswirar ta fito a karkace. Shi `contourf(x, y, z)` yana ɗaukar `z` a matsayin teburin lambobi: layukan kwance na tafiya da `y`, ginshiƙan tsaye na tafiya da `x`. A taswira `x` shi ne longitud, gabas da yamma, `y` kuma latitud, kudu da arewa. To mu a baki mun saba cewa "latitud da longitud", sai hannu ya bi baki a rubuta `contourf(lat, lon, z)`. Daidai shi ne `contourf(lon, lat, z)`, kuma surar `z` ta kasance yawan latitud tukuna, sannan yawan longitud. Lambobinka ma sun nuna haka. Tazarar ragar CHIRPS digiri 0.05 ce, wato wajen kilomita biyar da rabi. In ka yanko latitud 4 zuwa 18 ka sami maki 280, longitud 2 zuwa 15 kuma maki 260. Ke nan `z` ɗinka lafiyarsa ƙalau, sunayen biyu kawai ka musanya. In abin da ka yi don ya fito shi ne sa `.T` a kan `z` ka bar `lat` a gurbin `x`, to cire shi, domin taswirarka tana kwance a gefe: Sahara na hannun dama, teku na hagu.

Ka gode Allah ma da yankinka bai zo da tsawo da faɗi iri ɗaya ba. Da longitud 2 zuwa 16 ka yanko, da 280 sau 280 ke nan, ba wani saƙon kuskure da za ka gani ko ka juya teburin. Saboda haka kafin ka zana komai, ka buga `z.dims` da `z.shape` ka gani da idonka. Ga yadda zan shirya bayanan:

```python
import numpy as np
import xarray as xr
import matplotlib.pyplot as plt
from matplotlib.colors import BoundaryNorm

ds = xr.open_dataset("chirps_wata.nc")
p = ds["precip"].sel(latitude=slice(4, 18), longitude=slice(2, 15))
shekara = p.groupby("time.year").sum("time", min_count=12)
z = shekara.sel(year=1984)
print(z.dims, z.shape, float(z.min()), float(z.max()))
```

Lura da `min_count=12` ɗin nan, ba ado ba ne. CHIRPS bayanan tudu ne kawai, ba ya da komai a kan teku, don haka makin da ke Tekun Gini babu lamba a cikinsu, NaN ne. Amma idan xarray, laburaren da muka buɗe fayil ɗin da shi, ya zo tara watanni goma sha biyu da duk babu komai, tsallake su yake yi ya ba ka sifili. Sai ka ga teku kudu da Legas ya ɗauki launin hamadar Tenere, wai milimita 0 a shekara. Da `min_count=12` kana gaya masa cewa duk inda watannin ba su cika ba, ya bar gurbin babu komai. Yana kuma kare ka daga shekarar ƙarshe ta fayil ɗin, wadda sau da yawa ba ta kai Disamba ba.

Yanzu ga fararen guraben. Shi `contourf` ba ya shafa launi sai a tsakanin matakan da aka ba shi. Ka tsayar da naka a 2000, alhali Fatakwal da Kalaba da Warri duk ruwansu na shekara ya saba haura milimita 2000. Duk makin da ya wuce matakin ƙarshe, barinsa yake yi fari fat, kamar babu bayani a wurin. Maganinsa `extend="max"`: abin da ya haura ya sami launi, sandar launin kuma ta yi tsini a sama, alamar "daga nan zuwa sama". Akwai `"min"` da `"both"`, amma ruwan sama ba ya yin ƙasa da sifili, don haka `"max"` ya wadatar. Kada ka damu da wurin da ruwansa sifili ne cif. Ƙa'idarsa ita ce kowane ɓangare yana ɗaukar lambar da ta fi matakin ƙasa har zuwa daidai matakin sama, sai ɓangaren farko kaɗai da ke haɗawa da matakin ƙasan shi ma.

Akwai farin da ya kamata ya zauna, wato na teku. Shi ba laifi ba ne. Sai dai in kana son mai karatu ya bambance "babu bayani" da launi mafi haske na taswirar, ka sa `ax.set_facecolor("lightgray")`, gurbin ya koma toka-toka.

Wani abin da ke kama masu amfani da fayilolin GeoTIFF na CHIRPS (masu sigar hoto) maimakon NetCDF (irin fayil ɗin `.nc` da muka buɗe a sama): a can -9999 ake rubutawa a inda babu bayani. xarray yakan mayar da irin wannan lamba NaN da kansa idan fayil ɗin NetCDF ya bayyana ta, amma in ka karanto hoton kai tsaye lambar tana nan daram. In ka bar laburaren ya zaɓi matakai, zai fara daga wajen -10000, ƙasar gaba ɗaya ta cushe a launi biyu ko uku. `np.ma.masked_less(z, 0)` ya kashe wannan. Kuma a GeoTIFF layin farko shi ne arewa, don haka in ka gina jerin latitud daga kudu zuwa arewa da hannunka, taswirar za ta fito kai a ƙasa.

To, mu zo kan babbar maganar, 1984 da 1994.

Idan ba ka ba `contourf` matakai ba, yakan duba ƙaramar lamba da babbar lamba a teburin da ke gabansa, ya raba tsakaninsu gida bakwai ko takwas da lambobi masu daɗin karantawa. Bai san ruwan sama ba ne, bai san Sahel ba, bai kuma san akwai wata taswira a gefe da za a kwatanta da ita ba. Illa biyu ke fitowa daga nan. Ta farko, kowace shekara tana iya samun nata ma'aunin. Shuɗi mai duhu a taswirar hagu yana nufin wata lamba, a ta dama yana nufin wata dabam. Kamar ka auna geron wannan da mudu, na wancan da tiya, sannan ka ce ai kowa kwano goma ya samu. Ta biyu, wadda nake jin ita ta fi cin ka: yankinka ya taso daga bakin teku inda ruwa ke wuce milimita 2500, har zuwa Agadas inda ba ya kai 200. In aka raba wannan gida takwas, kowane mataki ya kai milimita 400 ko 500. Ke nan duk abin da ke tsakanin Katsina da Damagaram da Tawa da Agadas ya faɗa launi ɗaya ko biyu. Garin da ya saba samun 450 ya sami 250 a shekarar fari, wanda a wurin manomi shi ne bambancin rumbu cike da rumbu wayam, amma a taswirarka launinsa bai motsa ba. Farin yana cikin lambobinka, matakan ne suka binne shi.

Don haka kai za ka zaɓi matakai, kuma tambayar bincikenka ce za ta zaɓa maka su. Kana nazarin arewa, sai matakan su matsu a ƙasa inda milimita ɗari ke da nauyi, su buɗe a sama inda ɗari biyar ma ba ta sauya labari. Masu aikin gona suna kallon tsakanin milimita 300 zuwa 400 a matsayin bakin iyakar noman gero na damina, kuma Nijar tun 1961 take da dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke gaba da ita ya zama na makiyaya. Taswirar da ba ta nuna inda layin 300 da na 400 suka faɗa a kowace shekara ba, ba ta amsa tambayar da mai duba kundinka zai yi ba.

```python
matakai = [0, 100, 200, 300, 400, 600, 800, 1000,
           1200, 1500, 2000, 2500, 3000]
cmap = plt.get_cmap("YlGnBu")
norm = BoundaryNorm(matakai, ncolors=cmap.N, extend="max")

fig, axes = plt.subplots(1, 2, figsize=(11, 6), sharey=True,
                         constrained_layout=True)
for ax, y in zip(axes, [1984, 1994]):
    z = shekara.sel(year=y)
    cs = ax.contourf(z.longitude, z.latitude, z, levels=matakai,
                     cmap=cmap, norm=norm, extend="max")
    layi = ax.contour(z.longitude, z.latitude, z, levels=[400, 800],
                      colors="k", linewidths=0.7)
    ax.clabel(layi, fmt="%d", fontsize=8)
    ax.set_title(str(y))
    ax.set_aspect("equal")
fig.colorbar(cs, ax=axes, ticks=matakai, label="mm")
```

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne `matakai` guda ɗaya ne ga taswirorin biyu, sandar launi ma guda ɗaya. Amma dubi `BoundaryNorm`, don mutane da yawa sukan sa matakai marasa tazara ɗaya su manta da shi, sannan su yi mamakin abin da ya fito. In babu shi, laburaren yana ɗaukar tsakiyar kowane ɓangare ya nemo launinsa gwargwadon inda ya faɗa tsakanin 0 da 3000. Tsakiyar ɓangarori huɗun farko su ne 50, 150, 250 da 350, dukkansu suna cikin kashi goma sha biyu bisa ɗari na farkon jerin launukan. Sai su fito rawaya-rawaya huɗu da ido ba ya iya rabewa, aikin da ka yi na matse matakan ya tashi a banza. `BoundaryNorm` yana raba launukan daidai wa daida bisa yawan ɓangarori, ba bisa faɗinsu ba, kowane ɓangare ya sami launin da ya fita dabam da na maƙwabcinsa.

Za ka ga wasu suna ba da shawarar `vmin` da `vmax` don daidaita taswirori biyu. A `pcolormesh` da `imshow` wannan yana aiki. A `contourf` kuwa rabin aiki ne: yana sauya yadda ake rarraba launi amma ba ya taɓa matakan, kowace taswira tana nan da iyakokin da ta zaɓar wa kanta, kuma sandar launin za ta nuna na wadda ka miƙa mata ne kawai. `levels` shi ne linzamin.

Ni kuwa a ganina, ko bayan wannan gyaran, taswirar jimillar ruwa ba ita ce mafi dacewa da nuna fari ba. Kowace shekara kudu ta fi arewa ruwa nesa ba kusa ba, wannan gangaren shi ke cika ido, sauyin shekara zuwa shekara ya zama ɗan motsin layuka. Abin da zai sa 1984 ta yi magana shi ne ka nuna yadda kowane wuri ya saɓa da abin da ya saba samu:

```python
saba = shekara.sel(year=slice(1991, 2020)).mean("year")
bambanci = 100 * (shekara.sel(year=1984) - saba) / saba
bambanci = bambanci.where(saba > 100)
m = [-50, -40, -30, -20, -10, 10, 20, 30, 40, 50]
fig2, ax = plt.subplots()
cs = ax.contourf(bambanci.longitude, bambanci.latitude, bambanci,
                 levels=m, cmap="BrBG", extend="both")
```

A nan jerin launuka mai fuska biyu ake so: ruwan ƙasa ga ƙarancin ruwa, kore ga yalwa, fari-fari a tsakiya. Sharaɗinsa matakan su yi daidai hagu da dama, don sifili ya zauna a tsakiyar launukan. In ka bar laburaren ya zaɓa, a shekara irin 1984 da kusan ko'ina ragi ne, tsakiyar za ta gusa zuwa wajen -20, sai wurin da ya yi asarar kashi goma na ruwansa ya fito da kore kamar ya ci riba. Na tsallake sifili a jerin da gangan, don daga -10 zuwa 10 ya zama ɓangare ɗaya mai nufin "kusan yadda aka saba". Shi kuma `where(saba > 100)` saboda hamada ne: inda aka saba samun milimita 20, hadari ɗaya ya sauke 40 sai lissafi ya ce ƙarin kashi ɗari, taswirar ta cika da kore a wurin da ko ciyawa ba ta tsiro ba. Sannan ka rubuta a ƙarƙashin taswirar cewa da matsakaicin 1991 zuwa 2020 ka auna. Shi ne zangon shekara talatin da Hukumar Yanayi ta Duniya ke amfani da shi yanzu, amma CHIRPS daga 1981 ya fara, bai ga shekarun 1950 da 1960 masu yawan ruwa a Sahel ba. Wanda ya auna 1984 da waɗancan shekarun zai sami ragi mafi tsanani fiye da naka, kuma ku duka kuna da gaskiya.

Batun launi, a taƙaice: ka guji `jet`, wato mai kalar bakan gizo. Shi ne Matplotlib ke bayarwa kafin siga ta 2.0 da ta fito a 2017 ta maye gurbinsa da `viridis`, kuma har yau yana yawo a tsofaffin misalai na intanet. Haskensa ba ya tafiya a jere, rawaya da shuɗi mai haske suna ƙyalli a tsakiya su ƙirƙiri iyakar da babu ita a bayanan, ga shi yana wahalar da masu matsalar rabe ja da kore. Ga kuma dalilin da ya fi kusa da kai: akwai yiwuwar kwafin da zai isa hannun mai jarrabawa na waje baƙi da fari aka buga shi. A `jet` farko da ƙarshe duka duhu suke fitowa, Agadas da Kalaba su zama launi ɗaya. `YlGnBu` da `viridis` da `cividis` suna tafiya daga haske zuwa duhu ko akasin haka ba tare da komawa baya ba. Taswirar `BrBG` ma tana da wannan matsalar a baƙi da fari, tunda gefenta biyu duhu ne, don haka ka ɗora mata layukan `contour` baƙaƙe. In launin layukan ɗaya ne, Matplotlib da kansa yake zana na lambobin ƙasa da sifili a tsinke-tsinke, ka ga an rabe ragi da ƙari ko babu launi.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da abin da `contourf` ke yi a ɓoye, don shi zai gaya maka lokacin da bai dace ba. Bayananka maki ne a kan raga, ba layuka ba. Ka ɗauki maki biyu maƙwabta, ɗaya 580 ɗaya 640, kana neman layin 600. Laburaren zai ɗauka cewa lambar tana hawa a miƙe daga wannan zuwa wancan, sai ya sa layin a kashi ɗaya bisa uku na tazarar, tunda 20 cikin 60 ke nan. Haka yake bi gida-gida yana haɗa ɗigon, sannan ya cike tsakanin layukan da launi. Tun siga ta 3.6 wani laburare mai suna ContourPy ke yi masa wannan lissafin. Wato duk iyakar da ka gani kintace ce, an gina ta a kan zaton cewa abin yana sauyawa sannu a hankali. Ga jimillar shekara, ko zafin iska, ko matsin iska, zaton ya yi daidai. Ga ruwan kwana ɗaya kuwa bai yi ba: hadarin Agusta yana iya juye milimita 60 a wannan gari, na kusa da shi ko ɗigo. `contourf` zai zana zobba a jere, 10, 20, 30, 40, kamar akwai wuraren da suka sami waɗannan adadin, alhali babu. A irin wannan `pcolormesh` ya fi gaskiya, don kowane gida yana fitowa da lambarsa ba ƙari. Haka bayanan rukuni, kamar nau'in ƙasa ko abin da ke rufe da ita. In 1 gona ce, 3 ruwa, kada ka bari a ƙirƙiro maka 2 a tsakaninsu.

Shi ya sa ba na goyon bayan dabarar `levels=100` da wasu ke yi don taswira ta yi sumul. In launi mai narkewa kake so, ga `pcolormesh` nan, ya fi sauri ya fi sauƙin fayil. Amfanin `contourf` shi ne mai karatu ya iya ɗora yatsa a kan Gusau ya ce tana tsakanin kaza da kaza. Da zarar ɓangarorin sun wuce goma sha biyu ko sha huɗu, ido ya daina iya haɗa launin taswira da na sanda.

Da ragar kilomita biyar, layukanka na 400 da 800 za su fito da ƙananan karkace-karkace da 'yan tsibirai. In sun dame ka, `z.coarsen(latitude=5, longitude=5, boundary="trim").mean()` zai mayar da ragar digiri 0.25, wato 56 sau 52, layukan su lafa. Na fi son wannan a kan `gaussian_filter` na SciPy, domin shi yana yaɗa NaN ɗin teku ya cinye gaɓa, kuma ba shi da sauƙin bayani a kundi. Ko wanne ka yi, ka faɗa a rubuce, kuma ka duba tudun Jos. A taswirar ƙwarai yana fitowa a matsayin tsibirin da ya fi kewayensa ruwa, musamman in an gwada shi da ƙasar da ke arewa da gabas da shi. In ka goge har ya ɓace, ka wuce gona da iri.

Nan gaba za ka so sa iyakokin ƙasashe da jihohi, wato za ka koma Cartopy, laburaren zana taswira da ke aiki tare da Matplotlib. Abu ɗaya ne ke kayar da kowa a can: `projection` da kake ba wa `axes` yana faɗin surar taswirar da za a zana, `transform=ccrs.PlateCarree()` da kake ba wa `contourf` kuma yana faɗin cewa lambobinka digiri ne. In duka biyun PlateCarree ne, ko ka manta na biyun ba za ka lura ba. Ranar da ka sauya zuwa Mercator ko wani, sai a karanta digirinka a matsayin mita, Najeriya da Nijar su tattare su zama ɗigon da ba a gani. `cfeature.BORDERS` zai ba ka iyakokin ƙasashe. Jihohi kuwa sai ka ce `cfeature.STATES.with_scale("10m")`, don ƙaramin ma'aunin jihohin Amurka kaɗai ya ƙunsa. Karon farko yana sauko da fayilolin daga Natural Earth, saboda haka ka yi shi a lokacin da kake da data mai ƙarfi, daga nan ya ajiye su a kwamfutarka. In ba ka yi amfani da Cartopy ba, `set_aspect("equal")` ya isa a yankinmu: digirin latitud wajen kilomita 111 ne, na longitud a daidai Kano wajen 109, bambancin bai kai a damu ba.

In ka zo kwatanta CHIRPS da ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, kamar yadda masu duba kundi kan nema, ka yi hattara da abubuwa uku. Latitud ɗinsa daga arewa yake gangarowa kudu, don haka `slice(4, 18)` zai dawo maka da teburi wayam ba tare da ƙorafi ba, sai ka rubuta `slice(18, 4)` ko ka fara da `sortby("latitude")`. Ruwansa da mita ake aunawa ba milimita ba, zafi kuma da Kelvin, sai ka cire 273.15. A fayilolin matsakaicin wata, lambar ruwan ta kwana ɗaya ce, sai an ninka da 1000 da kuma yawan kwanakin watan. Sannan a fayilolin duniya baki ɗaya longitud yana tafiya daga 0 zuwa kusan 360. Kai bai shafe ka ba tunda yankinka duk gabas yake da layin Greenwich, amma abokinka da ke aiki a kan Ghana zai tarar da Kumasi a wajen 358, ƙasar ta rabe biyu, sai ya gyara da `(lon + 180) % 360 - 180` ya sake jerawa.

In kuma wata rana bayanan tashoshin auna ruwa ka samu, ba raga ba, `contourf` ba zai karɓe su kai tsaye ba. Akwai `tricontourf`, akwai `griddata` na SciPy. Dukkansu za su ba ka taswira mai kyan gani ko da tashoshi goma sha biyar ne, su shafe fiye da kilomita 800 da ke tsakanin Sakkwato da Maiduguri da launi kamar an auna kowane taƙi. Ka ɗora ɗigon tashoshin a kai da `scatter`, mai karatu ya ga inda aka auna da inda aka kintata.

Wajen ajiyewa, `fig.savefig("ruwa.png", dpi=300)` ya wadatar ga kundi. In PDF ka fitar ka ga siraran fararen layuka tsakanin launuka, ba daga bayananka ba ne, manhajar buɗe PDF ɗin ce ke barin 'yar kafa inda ɓangarori biyu suka haɗu. Daga siga ta 3.8 zuwa sama, `cs.set_edgecolor("face")` yana toshe ta. Tsofaffin misalai suna zagayawa ta `cs.collections`, wannan an cire shi a sababbin sigogi, in ka kwafo shi zai ba ka kuskure.

Kafin ka kai wa mai duba aikinka, yi wannan gwajin. Ciro lambar wuri ɗaya da ka sani, misali Kano: `shekara.sel(year=1984).sel(latitude=12.0, longitude=8.5, method="nearest")`. Nemo wurin a taswira, ka duba ko launinsa ya faɗa ɓangaren da lambar ta ce. Maimaita da Agadas a wajen latitud 17, longitud 8, da Fatakwal a wajen 4.8 da 7. In ukun sun dace, taswirar ba ta juye ba, ba ta kife ba, matakan ma suna aiki. In ɗaya ya saɓa, turo mini abin da layin `print` na farko ya fitar, tare da `matplotlib.__version__`, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.